Yadda Ake Gano Abin da Ke Kai Hannu Ga Tabar Lantarki, da Yadda Ake Kwance Sabon

Karan sigari yana da farko, yana da ƙarshe. Ka ƙyasta ashana, ka yi zuƙa goma ko sha biyar, wuta ta iso gindi, ka yar ka take. Yana da wari mai tona asiri, shi ya sa mai shansa yake neman lungu, ya kurkure baki, ya tauna kanumfari kafin ya shiga gaban mahaifinsa. Duk wannan wahala shinge ce, ko da shi bai ɗauke ta haka ba. Tabar lantarki, wadda samari ke kira bef, wasu kuma shishar aljihu, ta zo ta kwashe shingen kakaf. Ba ashana, ba toka, ƙamshin mangwaro ko na'ana'a take yi, kuma ba ta ƙarewa a zama ɗaya. Tana aljihu, tana ƙarƙashin matashi, tana cikin jakar hannu kusa da turare. Saboda haka sai ta manne wa duk wani ɗan motsi na yininka.

Na yi kusan shekara biyu da ita a aljihun gaba. Ranar da na san abin ya wuce wasa, ana kiran assalatu ne, ni kuma ina durƙushe da fitilar waya ina ɗaga katifa, don ta sulale ta faɗa baya cikin dare. Ko fuska ban wanke ba, balle alwala. Da na same ta na zuƙa, sai na zauna bakin gado ina kallon ɗan abin nan da bai fi yatsa biyu ba, ina jin kunyar kaina.

Kafin matakan, ga abin da ya kamata ka riƙe: igiya biyu ce ta ɗaure ka. Ta farko nikotin, sinadarin taba mai kama jiki. Daga zuƙa zuwa isarsa ƙwaƙwalwa bai wuce daƙiƙa 10 zuwa 20 ba, ya sa ta saki sinadarin dofamin mai kawo ɗan jin daɗi, sannan cikin kamar awa 2 rabinsa ya fice daga jini, jiki ya fara neman ƙari. Ta biyu sabo. Duk abin da kake yi a lokacin da daɗin nan ya zo, ƙwaƙwalwa tana ɗaure shi da zuƙar, kamar karnukan masanin nan na Rasha, Ivan Pavlov, da yawu ke zubo musu tun daga jin alamar abinci kafin su ga kwano. Igiyar farko tana saki cikin makonni. Ta biyu ce ke dawo da mutum bayan wata uku, shi ya sa a kanta za mu fi daɗewa.

Mataki na farko: karanta abin da ke hannunka

Juya kwalin ka duba. Idan an rubuta 5% ko 50mg, ma'anarsa kowane mililita ɗaya na ruwan yana ɗauke da miligiram 50 na nikotin. Idan 2% ne, 20 ke nan. A Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai doka ta tsaya a kan 20, ba a yarda a sayar da abin da ya haura haka ba, amma mai 50 ba ya wuyar samu a kasuwannin da ba a sa ido. Yi lissafi da kanka: na'ura mai ruwa mililita 10 a kan 5% tana ɗauke da miligiram 500. Karan sigari ɗaya kuwa abin da yake shigar wa jiki bai wuce miligiram 1 zuwa 2 ba. Ba duka 500 ɗin ne ke shiga jini ba, amma ka ga inda aka dosa.

Wani mai harhaɗa magani ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, shi ya ƙera irin ta zamani a 2003, da nufin ya samu mafita daga sigarin da ya yi masa katutu. Abin da ya canja wasan shi ne fitowar wata tabar lantarki mai suna Juul a Amurka a 2015, da wani nau'in nikotin da ake kira mai gishiri, wanda ba ya kartar maƙogwaro ko da ya yi ƙarfi. Yawancin na'urorin yanzu da ake yarwa in sun ƙare irinsa suke ɗauke da shi. Wato tarin da a da yake gaya wa mutum ya isa haka, an cire shi. Kada kuma ka sakankance da rubutun 0%, don an sha gwada irin waɗannan a ɗakin bincike a tarar da nikotin a ciki.

Mataki na biyu: kwana uku kana kallon kanka

A nan kada ka rage komai, kada ka yi wa kanka alkawarin komai. Aikinka leƙen asiri ne kawai. Samu 'yar takarda ka naɗe na'urar da ita, ka ɗaure da robar ɗaure kuɗi, ka soke guntun biro. Duk lokacin da za ka zuƙa dole sai ka kwance, to kafin ka kai baki rubuta abu biyar a taƙaice: ƙarfe nawa, ina kake, da wa, me ya faru yanzun nan, sannan ƙarfin ƙawar daga 1 zuwa 5. Kada ka rubuta a waya. Wayar kanta tana cikin waɗanda ake tuhuma, za ka gani.

Ka haɗa da ranar aiki biyu da ranar hutu ɗaya, don halin Talata daban yake da na Asabar. Kuma ka lura da abu ɗaya musamman: minti nawa ne tsakanin buɗe idonka da zuƙar farko? Wannan tambaya tana cikin ma'aunin da masanin nan ɗan Suwidin, Karl Fagerström, ya fitar don auna yadda nikotin ya kama mutum. Idan cikin minti 5 ne, kamun ya yi ƙarfi sosai. Idan cikin rabin awa ne, da sauran aiki. Wanda yake kaiwa hantsi bai tuna da ita ba, nasa ya fi karkata ga sabo fiye da jiki.

Abin da ya ba ni mamaki a takardata shi ne yawan lamba 1 da 2. Galibin zuƙar da nake yi ba na ma jin ƙawarta. Hannu ne kawai yake tafiya, kamar yadda yake lalubo makullin fitila a ɗakin da ya sani cikin duhu. Ranar farko ma sau da yawa sai na ji roba a yatsana sannan na farga na ɗauko.

Mataki na uku: ware su gida-gida

Daren kwana na uku, shimfiɗa takardun ka karanta. Za ka ga abubuwan suna maimaita kansu.

Akwai na jiki zalla: zuƙar asuba, da wadda ke biyo bayan doguwar tazara, kamar fitowa daga aji, ko taro, ko sauka daga mota bayan tafiyar Kano zuwa Kaduna. Waɗannan su ke zuwa da lamba 4 da 5, da ƙunci da saurin fushi. Nikotin ne ya yi ƙasa.

Akwai na wuri da lokaci: bayan cin abinci, kofin shayi mai kauri, ban ɗaki, zaman cunkoso a titi, jiran a kawo wuta, kwanciya da waya bayan isha'i. Wannan na ƙarshe ya fi kowanne cin ruwan na'ura, don babban yatsa yana ja, bidiyo na bin bidiyo, ɗaya hannun kuma yana kai wa baki ba lissafi. Abu biyu ne marasa ƙarshe suka haɗu.

Akwai na mutane: majalisa, gidan kallon ƙwallo, abokin nan guda ɗaya da kullum yake da sabon ɗanɗano yana cewa ɗan taɓa ka ji. Ga mata kuma ɗakin ƙawa, ko wajen shirin biki an rufe ƙofa ana kwalliya. Sau da yawa ba hayaƙin ake so ba, zaman ake so, da kada a zama bare a cikinsa.

Sai na zuciya, wanda ya fi wuyar amsawa: ɓacin rai bayan waya da wani, fargabar jarrabawa, ciniki ya tsaya, kaɗaici, ko zaman banza kawai. A nan akwai wata yaudara da ya kamata ka gane. Mutum yana cewa tana kwantar masa da hankali, alhali yawancin tashin hankalin da take kwantarwa ita ta kawo shi, domin ƙuncin raguwar nikotin ne. Mai bin ka bashi ne ya daina buga ƙofa na awa ɗaya don ka ba shi wani abu. Ban ce damuwarka ta ƙarya ba ce. Kuɗin haya gaskiya ne. Amma zuƙa ba ta taɓa rage ko kwabo a ciki ba.

Na ƙarshe na hannu da baki ne: son riƙe wani abu, juya shi, kai shi leɓe. Ƙaramin abu ne a ido, amma wanda ya raina shi zai sha mamaki.

Ja layi a ƙarƙashin guda uku da suka fi yawa, da guda ɗaya da ya fi ƙarfi. Ba lallai su zama abu ɗaya ba.

Mataki na huɗu: mayar mata da shingen da ta rushe

Tun ba ka daina ba, ka yi mata gida. Fitar da ita daga aljihu da ɗakin kwana. Ajiye ta inda sai ka tashi ka taka: saman kwaba, cikin akwati mai zif, but ɗin mota. Sannan ka kafa doka uku na mako ɗaya ko biyu. Ba zuƙa a zaune, sai a tsaye a waje. Ba zuƙa da waya a hannu. In ka gama, ka mayar da ita gidanta kafin ka koma abin da kake yi. Manufar ita ce duk zuƙa ta zama shawara da ka yanke, ba abin da ya faru da kai ba. Da wannan kaɗai masu lamba 1 da 2 suke zubewa, don ba wanda zai bar inuwa ya fita rana saboda abin da bai ma ji ƙawarsa ba.

Ka riƙa tura zuƙar safe gaba: yau bayan salla, jibi bayan karin kumallo, sannan sai ka isa wajen aiki. Idan wadda ke hannunka ta ƙare kuma ba ka kai ranar dainawa ba, sayi ɗanɗanon da ba ka so, kuma ƙarama. Kada ka sayi biyu don an yi maka ragi.

Mataki na biyar: kowane mafari da amsarsa

Cewa zan daure ba shiri ba ne. Shiri shi ne ka rubuta, tun hankalinka yana kwance, in kaza ya faru zan yi kaza. Kuma amsar ta dace da abin da zuƙar take biya maka.

Bayan abinci, kada ka zauna a inda ka ci. Tashi nan take ka wanke hannu, ka sa aswaki. Aswaki ya yi mini aikin da ban zata ba, don ya ba hannu abin riƙewa, ya ba baki abin yi, ga ɗanɗanonsa ba ya shiri da zaƙin mangwaron roba. Wasu aya ko gyaɗa suke zubawa a aljihun da take zama, wasu tsinken sakace, wasu carbi. Alewa ma tana yi, sai dai a yi hattara da yawanta, don bayan barin nikotin ci yana buɗewa.

In shayi ne abokin tafiyarta, canja masa fasali na ɗan lokaci: wani kofi, wani wurin zama, ko ka koma ruwan citta. In waya ce da dare, sa ta caji nesa da gado. In fushi ne, abin da aka koya mana tun muna yara yana aiki: in kana tsaye zauna, ka tashi ka yi alwala, ruwan sanyi a fuska da wuya. Sannan ja numfashi a hankali ta hanci, ka sake shi ta baki ya fi jan tsawo, sau biyar ko shida. Wani ɓangare na sauƙin da kake ji a zuƙa dama dogon numfashin ne.

Ita kuwa ƙawa mai ƙarfi, ka san halinta: tana tasowa, ta kai ƙololuwa, ta sauka, galibi cikin 'yan mintuna, ko ka zuƙa ko ba ka zuƙa ba. Mai sha bai san haka ba don bai taɓa jira ya gani ba. Duba agogo, ka ce sai bayan minti 10. Sha ruwa, fita ka zaga, ka lura da inda take cizo, maƙogwaro ne ko ƙirji ko tafin hannu. Duk wadda ka bari ta wuce ba ka biya ta ba, ƙullin da ke tsakanin wurin nan da zuƙa yana ɗan sassautawa.

Maganar majalisa ta fi wuya, kuma ba zan ce ka yar da abokanka ba. Amma mako biyun farko ka rage zama, ko ka zo a makare ka tashi da wuri, ka zauna ta inda iska ba ta kawo maka ƙamshin. Ka sami mutum ɗaya a cikinsu ka gaya masa a gefe: don Allah ko na roƙe ka kada ka ba ni. Kalmar da za ka faɗa in an miƙo ma ka tanade ta. Kalmar “ina ƙoƙarin dainawa” tana gayyatar gardama, sai a ce haba, ɗaya dai. “Na bari” ta fi gajarta, ta fi rufe ƙofa.

Mataki na shida: lallaɓa jiki

Idan zuƙarka ta farko tana cikin rabin awa da tashi, kada ka ɗauki neman taimako a matsayin gazawa. Akwai cingam na nikotin mai miligiram 2 da mai 4, akwai filastar da ake mannawa a fata tana sakinsa a hankali yini guda. Suna ba jiki abin da yake nema ba tare da zuƙa ba, ka samu sarari ka yi faɗa da sabo shi kaɗai, daga baya a janye su sannu a hankali. Cingam ɗin ba a taunarsa kamar na yara: ka tauna kaɗan har ka ji yaji-yaji, ka ajiye shi tsakanin kunci da dasashi, in ya lafa ka sake. Kada ka sha abu mai tsami kamar zoɓo, lemo ko kofi minti 15 kafin nan, don tsami yana hana shi shiga. Akwai kuma ƙwayoyi irin su varenicline da sai likita ya rubuta. Mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon zuciya, da wanda bai kai shekara 18 ba, su fara ganin likita kafin su taɓa ko ɗaya.

Wanda ya zaɓi saukowa daga 5% zuwa 2% ya sa ido, don jiki yana da wayo: sai ya rama da yawan zuƙa da zurfinta. In ba ka riƙe dokokin mataki na huɗu ba, ragin na takarda ne kawai.

Mataki na bakwai: sa rana

Zaɓi rana cikin mako biyu masu zuwa, ba ranar jarrabawa ko biki ba. Ga mai azumi, Ramadan dama ce babba, tunda ka riga ka nuna wa kanka kana iya yini cur ba ita. Tarkon yana wajen buɗa-baki: da yawa dabino ɗaya, kurɓin ruwa, sai a zame bayan gida a rama na yini duka har kai ya yi jiri. In ka tsallake awa ɗaya bayan magariba, ka wuce masallaci da aswakinka, ka ci rabin yaƙin. Azumin Litinin da Alhamis ma wajen gwaji ne mai kyau kafin ranar.

Daren jajibiri ka tattara duka, har tsofaffin da ke cikin durowa da wayar cajinsu, ka fitar daga gidan. Kada ka jefa su a bolar da ake cinna wa wuta, don batirin lithium ne a ciki, yana fashewa. Kada kuma ka bar su inda yaro zai samu. Ruwan yana ƙamshin alewa, kuma guba ne gare shi. Masu sayen tsofaffin batura da kayan lantarki sun fi dacewa da su.

Mataki na takwas: makon farko, da ranar da ka zame

Kwana biyu zuwa uku na farko su ne masu zafi: ƙunci, ciwon kai, rashin barci, kasa tattara hankali, yunwa. Gaya wa mutanen gida tun da wuri don kada a ɗauki fushinka da wata manufa. Daga mako na biyu zuwa na huɗu yawanci jiki yana daidaita. In baƙin ciki ya yi nauyi ya ƙi ɗagawa, ga likita. Haka in akwai ciwon ƙirji, haki, ko tari da zazzaɓi, ko kana sha ko ka bari, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. A Amurka, daga 2019 zuwa farkon 2020, sama da mutum 2,800 aka kwantar, 68 suka rasu, sanadin ciwon huhu da aka danganta galibi da ruwan zuƙa na bayan fage mai sinadarin wiwi da aka gauraya da wani mai. Ba ka san abin da aka ɗura a wadda aka miƙo maka ba.

Gargaɗi ɗaya ga wanda sigari ya bari ya koma ta lantarki: ko me ya faru kada ka koma kara. Hayaƙin ganyen da aka ƙona, da kwaltarsa da iskar gubarsa, ya fi illa nesa ba kusa ba. In dole sai ɗaya, ka tsaya inda kake ka sake shiri.

Zamewa kuwa tana faruwa. Masanin halayyar ɗan Adam Alan Marlatt, na Jami'ar Washington, ya yi bayanin cewa ba zuƙa ɗayar ce ke mayar da mutum ruwa ba, tunanin da ke biyo bayanta ne: tunda na ɓata, bari in sayi tawa. Ni a mako na biyar na zame, a wajen ɗaurin auren wani abokinmu, muna cikin mota muna jiran a fito, aka miƙo daga kujerar baya, hannuna ya karɓa kafin in tuna na bari. Da na koma gida na ɗauko tsohuwar takardar nan mai alamar roba, na duba, babu zaman jira a mota a cikinta ko sau ɗaya, don a kwana ukun da na yi ina rubutu ban shiga motar kowa ba. Na ƙara shi a ƙasa, na rubuta amsarsa a gefe: kujerar gaba, gilashi a sauke, aya a aljihu.